Zuwa ga Kawu, Kan Tambayar da Ka Yi Mini a Walimar Sallah

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan an yi Sallah lafiya. Allah ya maimaita mana.

Ranar walimar ƙungiyarmu a nan Bronx ta birnin Niyok ka karɓi makirufo ka jefo mini tambaya a gaban jama'a. Ka ce tunda ni ne mai yawon bin 'yan takara da takardun sa hannu, in faɗa wa mutane gaskiya: masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsin nan su nawa ne a Amurka, da har duk mai neman kujerar kansila sai ya je ya yi musu fadanci, mu kuwa da muke cika masallatai ko kallo ba mu ishe shi ba? Kuma wa ke zuba musu kuɗi? Ina cikin kame-kame aka shigo da abinci, hankalin kowa ya koma kan shinkafa, magana ta mutu. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsa a bainar jama'a.

Fatawa ba aikina ba ce. Malamai suna nan, kuma ka fi ni sanin abin da suka faɗa. Tambayarka ta siyasa ce, nan zan tsaya.

Batun yawa, binciken Gallup na 2024 ya ce wajen kashi 9 cikin 100 na manyan Amurkawa ne ke ɗaukar kansu cikin wannan rukuni. Ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba ke nan. Abin da ke sa a ga kamar sun fi haka shi ne wata Talata guda a watan Yuni, ranar zaɓen fid da gwani, wadda su ba sa fashinta, mu kuwa yawancinmu ba mu ma san ta zo ta wuce ba.

Kai da ka yi siyasa a gida, in aka ce fid da gwani abin da ke zuwa maka a rai daliget ne, a kwashe su a ajiye a otal, a kwana ana ciniki. Nan ba haka ba ne. A jihar Niyok duk wanda ya yi rajistar zaɓe ya rubuta sunan jam'iyya a fom ɗinsa, shi ne daliget. Wanda ya bar wurin babu komai kuwa, ko ya je rumfa ba za a ba shi ƙuri'ar jam'iyya ba. To a Bronx, in dai Dimokurat ta tsayar da mutum, kusan an gama. Zaɓen Nuwamba cika ƙa'ida ne kawai. Majalisar birnin tana da kujeru 51, kowace mazaɓa na da mutum wajen 170,000, amma a shekarar da ba a zaɓen magajin gari, 'yan dubbai ne ke fitowa a wasu mazaɓun. Ka ga wanda zai iya kawo mutum ɗari biyar tabbatattu ranar, ai sarki ne.

Na taɓa raka wani ɗan takara wurin ɗaya daga ƙungiyoyinsu, ranar da za su yanke wanda za su ɗaga wa hannu. Na tafi ina zaton zan ga wani katafaren zaure. Wani ɗaki ne aka ara, kujerun ninkewa, ga kwalin biskit da kofunan roba a kan tebur. Ba su fi mutum sittin ba, wasu tsofaffi da sanduna. Amma tun makonni kafin nan sun aiko mana da takardar tambayoyi mai shafuka da yawa: me za ka yi kan kuɗin haya, kan asibitoci, kan matasan da iyayensu suka kora suke kwana a jirgin ƙasa, kan 'yan sanda. A rubuce za ka amsa, kuma su adana. Kowane ɗan takara aka ba shi 'yan mintuna, wata mata tana riƙe da waya tana duba lokaci, yana cika ta ɗaga hannu ko da kana tsakiyar kalma. Wani da ke kan kujera a lokacin ya fara zuba alkawari, sai wani dattijo ya miƙe da takarda a hannu, ya karanto masa amsar da ya rubuta shekara huɗu da suka wuce, ya ce to me ya sa da aka zo kasafin kuɗi ka yi akasin haka? Wallahi Kawu, na ga gumi a goshin mutumin nan. Daga nan aka fitar da mu waje, waɗanda suka biya kuɗin ƙungiya na shekara suka kaɗa ƙuri'a. Namu bai samu ba.

Ɗaga hannun ba ya tsayawa a hoto. Wanda suka zaɓa, za su fito cikin sanyin ƙarshen hunturu da korayen takardun nan su tara masa ɗaruruwan sa hannun da doka ta ce sai da su sunansa zai hau ƙuri'a. Za su bi gida-gida, su buga waya. Ranar zaɓe kuma ka gan su tsaye bayan ƙafa 100 daga ƙofar rumfa, iyakar da doka ta yanka, suna miƙa ɗan kati da bai fi tafin hannu ba, ɗauke da sunayen 'yan takararsu tun daga kansila har alƙalin da ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Ba da daɗi suka koyi wannan ba. A shekarun 1960 'yan sanda kan kai samame mashayarsu su kwashe mutane, a buga suna a jarida, mutum ya wayi gari babu aiki. Irin wannan samame ne ya haifar da tarzomar Stonewall a nan Niyok a Yunin 1969. Tun kafin nan, a 1961, wani nasu, José Sarria, ya tsaya takarar majalisar birnin San Faransisko, ya faɗi, amma ya samu ƙuri'a kusan 6,000. 'Yan siyasa kuwa sun iya lissafi. A farkon shekarun 1970 aka kafa ƙungiyar Alice B. Toklas a birnin, a cikin jam'iyyar Dimokurat, dabararta ita ce a mara wa 'yan siyasar da ba nasu ba baya, in sun ci su biya.

Kuma kada ka ɗauka kansu a haɗe yake. Harvey Milk, mai shagon kyamara a titin Castro, ya nemi goyon bayan shugabannin ƙungiyar a 1973, suka ce masa ya bi layi, bai yi wa jam'iyya hidima ba tukuna. Ya faɗi takarar majalisar birnin a 1973, ya faɗi a 1975, ya sake faɗuwa a fid da gwani na majalisar jiha a 1976. Magoya bayansa suka ɓalle suka kafa tasu. Ya ƙulla da ƙungiyar direbobin manyan motoci: mashayarsu suka daina sayar da giyar Coors da direbobin ke rigima da masu rarraba ta, direbobin kuma suka buɗe wa mutanensa ƙofar aiki. A 1977 aka koma zaɓe unguwa-unguwa, ƙungiyar Alice ta bi wani lauya, Rick Stokes, Milk ya kayar da shi. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 27 ga Nuwamba 1978, wani tsohon ɗan majalisar ya harbe shi tare da magajin gari George Moscone. Har gobe ƙungiyoyin biyu suna nan a San Faransisko, kuma sau da yawa kowace da nata ɗan takarar. Akwai ma nasu a jam'iyyar Rifablikan, Log Cabin. A nan Niyok, Christine Quinn, shugabar majalisar birni a lokacin kuma tasu, ta uku ta zo a fid da gwani na magajin gari a 2013.

Kuɗi kuwa akwai, ba zan ɓoye maka ba. Tun 1991 suke da asusun Victory Fund mai tallafa wa 'yan takararsu, kuma suna da attajirai. Ka tuna 2020 a mazaɓarmu, da José Serrano ya ce zai sauka daga kujerar majalisar wakilai ta tarayya: kowa na cewa Rubén Díaz babba, faston nan mai hular kaboyi da ya yi suna wajen adawa da auren jinsi, shi zai gaje shi. Kuɗi ya shigo daga waje, Ritchie Torres, wanda nasu ne, ya ci da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un, Díaz ya zo na uku. Sai dai a takarar kansila, birnin kansa ke ninka ƙananan gudummawa sau takwas. Dala 10 daga mazaunin birni tana zama dala 90, kuma mai katin zama na dindindin ma yana iya bayarwa ko da ba shi da ƙuri'a. Abin da muke liƙa wa maroƙi a biki ɗaya ya isa ya sa ɗan takara ya riƙe lambar wayarmu.

Mu kuwa yaya muke yi? Ɗan takara ya zo ranar Juma'a, a ɗora masa hula, a ɗauki hoto, ya ce "salamu alaikum" a karkace mu yi ta murna, ya tafi. Ba wanda ya rubuta abin da ya ce. Shi ma ya sani, domin kundin masu zaɓe a buɗe yake: ba a ganin wanda ka zaɓa, amma ana ganin ko ka fita. Kafin ya cire takalmi a ƙofar masallaci ya riga ya san mu nawa ne a kundin. Na taɓa tsayawa a wata rumfa kusa da gidajenmu tun safe har la'asar, masu suna irin namu da na gani ban cika yatsun hannu biyu ba. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune.

Hanyar ba gadon kowa ba ce. A Hamtramck ta jihar Mishigan, 'yan Yaman da 'yan Bangaladash sun bi ta har majalisar garin ta zama duk Musulmi, kuma a 2023 ta hana kafa tutar masu neman jinsi a kan kadarorin gwamnatin garin, abin da ya ɓata tsakaninsu da maƙwabtan da suka tsaya musu a baya. Wannan darasi ne mai kaifi biyu, na bar maka shi. A nan kuma, tun 2013 wasu matasa suka kafa ƙungiyar Musulmi 'yan Dimokurat a kan wannan tsari na tambayoyi da ɗaga hannu, kuma Zohran Mamdani, wanda ya ci fid da gwani na magajin gari a Yunin 2025, ya yi gwagwarmaya a cikinta. Ya nemi ƙuri'a a masallatai, ya nema a wurin waɗancan ma, a fili. Duk mai son kujera a birnin nan haka zai yi, mu ma in mun shiga, a ɗaki ɗaya za mu zauna da su a kan batun haya da makaranta da kuɗin bas.

Ga roƙona, Kawu. Liman yana jin maganarka. Ka roƙe shi ya ba mu tebur a ƙofar masallaci Juma'a huɗu a jere, ni zan kawo fom da biro. Wanda ya riga ya yi rajista ba jam'iyya, sai ya gyara kafin 14 ga Fabrairu, in ba haka ba Yunin shekarar ya wuce shi. Naka fom ɗin zan fara dubawa, don ina da zargin wurin jam'iyyar babu komai.

A gaida Inna da yara.

Ɗanka,
daga Bronx