Godiya ga Ma'aikatan Jinya na Cibiyar Salam ta Tiyatar Zuciya da ke Soba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ma'aikatan jinya na Cibiyar Salam da ke Soba, kudu da Hartum, maza da mata, na ɗakin tiyata da na ɗakin kulawa ta musamman, har da masu zama wurin gwajin jini. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ƙoƙari.

Ni mahaifin wata yarinya ne da aka buɗe wa ƙirji sau biyu a wurinku. Manomi ne ni a Mai Wurno, kusa da Sinnar, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, wanda muke ban-ruwa da shi, shi ne yake wucewa ta gefen asibitinku, amma a mota tafiyar kusan kilomita 300 ce tsakaninmu. Na rubuta da Hausa domin da ita na roƙi Allah a daren da muka kawo ta karo na biyu, kuma akwai mai jin ta a cikinku, wata baiwar Allah 'yar Gadarif. Idan takardar nan ta iske ta, ta karanta wa sauran.

Bashi nake biya. Ranar da aka sallame mu na riƙe hannun likitan da ya yi aikin, na yi ta godiya har ya rasa abin cewa. Ku kuwa na tafi ban gode muku yadda ya kamata ba, kuma zan faɗi yadda aka yi haka.

Ciwon ya faro ne daga abin da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Tana 'yar shekara tara ta yi ta fama da ciwon maƙogwaro, sai zazzaɓi, sai gaɓoɓi su kumbura, yau gwiwa gobe idon sawu. Muka ce sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. A wurinku muka fahimci cewa ƙwayar cutar da ke kama maƙogwaro, idan ba a kashe ta da fenisilin ba, jiki kan tashi yaƙarta ya haɗa da ƙyauren zuciya ya lalata. Kafin ta kai goma sha huɗu ba ta iya ɗauko tulu daga bakin kogi sai ta zauna sau uku. Aka cire mata ƙyauren da ya lalace, wanda likitoci ke kira sammam da Larabci, aka sa na ƙarfe. Ko fam ɗaya ba a karɓa a hannuna ba.

Ƙyauren ƙarfe yana da ƙara. Idan dare ya yi tsit, wanda ke kwance kusa da ita yana jin sa, ƙit, ƙit, ƙit, kamar agogon hannu. Da farko abin ya dame ta, tana jin kunyar 'yan'uwanta mata su ji. Ranar sallama ta farko, 'yar Gadarif ɗin nan ta zaunar da ita a bakin gado, ta kama hannunta ta ɗora mata a ƙirji, ta ce: "Ƙanwata, wannan ƙarar abokiyarki ce, ki saba da ita. Duk ran da kika ji ta dushe, ko numfashi ya fara yi miki wuya, kada ki jira gari ya waye." Sannan ta juyo gare ni da katin magani: "Baba, wannan ƙwayar ta wafarin ita ke hana jini daskarewa a kan ƙarfen. Kullum ce, har ƙarshen rayuwa. Gwajin INR ɗinta, wato awon saurin daskarewar jini, ya zauna tsakanin 2.5 da 3.5. Ko za a rage ko za a ƙara, mu za a tambaya." Na ce na ji.

Shekara uku muna kan haka lafiya. Sai wata kaka, muna tsakiyar yankan riɗi, dasashinta ya fara zubar da jini, jinin al'adarta kuma ya yi yawa har ta yi fari. Mata suka tsorata, ni ma na tsorata. Lambar waya tana nan a jikin katin, ban kira ba. Da bakina na ce a dakatar da maganin kwana biyu a gani. Jinin ya tsaya, hankali ya kwanta, aikin gona ya ɗauke ni, kwana biyu suka zama sati uku. Laifin nan nawa ne ni kaɗai, kuma na rubuta shi a nan domin wani uban da zai karanta.

Mahaifiyarta ce ta tashe ni cikin dare. Ta ce, "Malam, ba na jin agogon." Na shiga ɗakin na tarar da yarinya zaune ta jingina da bango, ta kasa kwanciya, tana jan numfashi da kafaɗu. Na kara kunnena a bayanta. Ƙarar tana nan, amma can ƙasa-ƙasa, kamar an lulluɓe ta da bargo. Da kyar ta ce, "Baba, sista ta ce kada a jira safiya."

Ba zan tsaya kan hanya ba. Mun samu mota, mun bi ta Wad Madani, tana zaune ta kifa kai a kujerar gaba, tana tari mai kumfa da ɗan ja-ja a ciki. A hanyar ne na kira lambar da ya kamata in kira tun sati uku baya. Muryar da ta ɗauka ta yi mini tambaya huɗu ko biyar, ta ce kada a kwantar da ita, kada a ba ta ruwa da yawa, mu taho.

Abin da na gani a bakin ƙofarku bayan asuba shi ne dalilin wannan takarda. Ku huɗu kuka tarbe mu da gado mai taya, an riga an ɗaga wajen kansa. Ban ji wanda ya ɗaga murya ba, ban ga wanda ya tsaya jiran a ce masa yi kaza ba. Ɗaya ta sa mata abin shaƙar oksijin. Wani saurayi ya durƙusa yana neman jijiya a hannun da ya yi sanyi ƙalau, jijiyoyin duk sun ɓuya. Ya shafa, ya ɗan bubbuga, ya koma ɗaya hannun, ya samu. Babbarku ta kara abin sauraron ƙirji, ta rufe ido, ta saurara kamar daƙiƙa goma, ta ɗago ta faɗi kalma biyu, nan take wata ta ruga kiran likita da mai ɗaukar hoton zuciya. Ta huɗun ta karɓi katin daga hannuna, ta duba ranar gwaji na ƙarshe, ta dube ni.

"Baba, yaushe rabonta da magani?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa mata gaskiya. Ta rubuta, ta ce, "Madalla da ka faɗa, ka rage mana bincike." Shi ke nan abin da ta ce. Na san ta ga abin da na jawo, kuma da ta yi mini faɗa da ban ga laifinta ba. Sai bayan kwana tara, da yarinya ta fara takawa, ta zaunar da ni da mahaifiyarta ta yi mana bayani daga farko, a natse, ta nuna mana cewa zubar jinin nan alama ce ta maganin ya yi yawa, gyaran awo kawai yake buƙata, abin da waya ɗaya za ta warware. Ta san lokacin da mutum zai iya ɗaukar magana. Wannan ma ilimi ne.

Hoto ya nuna ƙyauren mai ganye biyu ne, kamar ƙofar shago, gudan jini ya maƙale ganye ɗaya, jini yana komawa baya yana cika huhu. Aka ce tiyata yanzu-yanzu. Lokacin canjin aiki ne. Da idona na ga wata da ta kwana tana aiki, ta riga ta yafa mayafinta ta rataya jaka, ta ji abin da ake ciki, ta ajiye jakar ta koma ciki. Wata kuma ta zo ta tambaye ni su wa muke da su a Hartum da za su iya ba da jini, ta tsaya a kaina har na kira 'ya'yan wana su uku.

Abin da ya gudana a ɗakin tiyata daga baya na ji shi, da na yi ta tambaya. Buɗe ƙirji karo na biyu ya fi na farko haɗari, domin an ɗaure ƙashin da wayoyin ƙarfe, kuma zuciya kan manne da bayan ƙashin saboda tabon aikin farko. Dole jini ya kasance a kusa kafin a fara, dole injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu ya kasance a shirye, domin za a tsayar da zuciyar cak a yi aiki a cikinta. Akwai nas da ke tsaye kusa da likita, tana miƙa masa abin da yake buƙata tun bai buɗe baki ba. Akwai wata da ke kewayawa, ita ke kawo abin da ya ƙare, ita ke ƙirga ƙyallayen tsane jini da allurai da babbar murya, kuma ba a rufe ƙirji sai lissafinsu su biyu ya zo daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sha faɗa a wurin rufin ɗaki. Ban taɓa tunanin haka ake ɗaga ran mutum ba.

Ni kuwa ina can ɗakin addu'ar nan naku fari da ke kan ruwa, wanda aka gina domin kowa ya shiga da addininsa. Akwai wata mata 'yar Eritiriya a gefe, ɗanta na ciki shi ma. Ba ma jin harshen juna. Sau biyu wata nas ta fito neman mu, ta gaya mini an hau injin lafiya, daga baya ta dawo ta ce zuciya ta karɓi aikinta. Ba wanda ya tilasta mata wannan zirga-zirgar. Wanda bai taɓa zaman jira irin wannan ba, ba zai san nauyin kalma biyar daga bakin wanda ya fito daga ciki ba.

Sauran labarin daga bakin yarinyar ne. Ta farka da bututu a maƙogwaro, ba ta iya magana, ƙishirwa kamar ta kashe ta, ga tsoro. Ta ce fuskar farko da ta gani ta sunkuyo ta ce mata an gama, tana Salam, babanta na waje. Nas ɗin ta sa yatsunta biyu cikin tafin hannunta, ta ce ta matse sau ɗaya idan i ne, sau biyu idan a'a ne, da haka suka yi ta zance har aka cire bututun. Tana jiƙa auduga tana shafa mata a leɓe. Kowace awa tana duba abin da ya fito ta robobin ƙirji da yawan fitsari tana rubutawa. Idan lokacin tashinta ya yi, ita da mai karɓarta sukan tsaya a ƙarshen gado su bi yarinyar tun daga kai har ƙafa, magani bayan magani, har da cewa ta fi son a juya ta ɓangaren dama. Da aka zo wajen tari, wanda dole ne don huhu ya buɗe amma yana da zafi kamar a tsaga mutum, wani ya naɗe tawul ya ba ta ta rungume a ƙirji, ya tsaya yana ƙirga mata. Wata ma ta tsefe mata kai ta yi mata kitso guda huɗu, don ta ga gashin ya cukurkuɗe.

To, ga yadda na tafi da bashinku. Ranar sallama na je wurin babbarku na ce ke kika ceci 'yata. Ta ce a'a, in nemi yaron da ya samu jijiya, don ba don shi ba da ba ta inda magani zai shiga. Na same shi, ya ce shi allura kawai ya sa, in gode wa wadda ta ɗauki waya ta sa aka shirya kafin mu iso. Ita kuma ta ce wadda ta koya wa yarinyar sauraron ƙirjinta shekara uku baya ita ta yi aikin, ranar kuwa 'yar Gadarif tana hutu. Ina cikin wannan yawo direba ya matsa, muka kama hanya. Na daɗe ina jin haushin kaina, sai daga baya na gane gaskiya kowannenku ya faɗa mini.

A garuruwanmu ba mu ba aikin jinya girman da ya cancanta ba. Likita muke gani. Na sha jin ana hana yarinya karatun jinya wai za ta riƙa kwana a waje. Ni dai na ga abin da masu kwana a wajen suke yi, kuma duk inda aka ta da zancen a gabana ba na yin shiru.

Ina kuma gode wa ƙungiyar EMERGENCY ta ƙasar Italiya da ta buɗe wannan cibiya a 2007, da marigayi Dokta Gino Strada da ya kafa ƙungiyar a 1994, ya dage cewa talakan Afirka ya cancanci asibiti irin wanda mai kuɗin Turai zai yarda ya kwanta a ciki, kuma kyauta. Ya rasu a watan Agustan 2021. Gado 63 ne a asibitin, amma na ga mutanen Cadi da Habasha da Najeriya a kansu.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ku na fara tunawa bayan 'yan'uwana na jini. Muka ji ba ku rufe ƙofa ba, muka ji an buɗe wuraren duba masu shan wafarin a Wad Madani da Atbara domin waɗanda hanyar Hartum ta gagare su. Mai ƙyauren ƙarfe a ƙirji ya san abin da wannan yake nufi. Yaƙin ya warwatsa jama'a, shi ya sa na ga gara in rubuta a fili, ko Allah zai sa ta kai ga kowannenku a inda yake.

Yarinyarku tana nan lafiya. Tana shan ƙwayarta bayan sallar magariba, ni nake miƙa mata da hannuna, kuma tana da ɗan littafi da take rubuta sakamakon kowane gwaji. Ƙannenta kuwa, duk wanda ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ranar muke zuwa asibiti. Mahaifiyarta ta ce in gaya muku har yanzu takan farka cikin dare ta saurara, kuma tana ji.

Allah Ya tsare ku, Ya tsare iyalanku, Ya saka muku da mafificin alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin majinyaciyarku, daga Mai Wurno