Tashar Sararin Samaniya: Kira Ga Jami'o'inmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jami'o'inmu game da Tashar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ake shirin kawo ƙarshen aikinta a 2030.

Mai duba sama bayan sallar magariba yakan ga tashar wani lokaci, tana tafe kamar tauraro mai haske wanda ba ya ƙyaftawa, ta ratsa sama cikin 'yan mintoci. Nisanta daga ƙasa kimanin kilomita 400 ne, kuma tana kewaye duniya sau 16 a kullum. Sashenta na farko, wanda aka harba daga filin harba kumbo na Baikonur da ke ƙasar Kazakistan a Nuwamban 1998, Rasha ce ta ƙera shi, Amurka ta biya kuɗinsa. Daga baya Kanada ta kawo hannun ƙarfe na ɗaukar kaya, Turai da Japan kuma kowace ta haɗa nata ɗakin gwaji. Ko da Amurka ta jingine kumbunanta a 2011, kumbon Rasha ne ya riƙa kai 'yan sama jannatinta har zuwa 2020, kuma yaƙin Yukren, duk da zafinsa, bai raba su aiki tare a can sama ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar da Japan ta buɗe wa ƙasashe masu tasowa. A 2017, daga ɗakin gwajinta mai suna Kibo, aka saki Nigeria EduSat-1, ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam mai santimita 10 ta kowane gefe, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi haɗin gwiwa da wata cibiyar fasaha ta Japan wajen ƙera shi. Gana, Mongoliya da Bangaladash ma sun samu nasu a wannan shiri. Ɗalibai ne suka haɗa su da hannunsu, kuma wannan ƙwarewa ita ce ainihin ribar, domin tauraron yakan faɗo, amma injiniyan yana nan.

Mu da hamada da zaizayar ƙasa ke cinye wa gonaki mun fi kowa bukatar masu wannan ilimi. Saboda haka ina kira ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Tarayya ta Kashere da su nemi hukumar binciken sararin samaniya ta Nijeriya, wato NASRDA, su shiga irin wannan shiri tun tashar tana aiki, gwamnatocin Bauchi da Gombe kuma su ɗauki nauyin ɗaliban da za a tura.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Bauchi.