Wasiƙa ga masu kawo mana faifan jifa domin rini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa abokan cinikinmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, da ku da kuke turo ɗan aike tun daga Obalende, muna gaishe ku, ya kasuwa, ya ruwa. Wannan wasiƙa ta masu faifai ce, wato faifan robar nan da ake wasan jifa da shi. Masu shadda da masu yadi, aikinku na nan yadda kuka san shi, babu abin da ya canja. Amma ku ma ku karanta, don da yawa cikinku kun sha tsayawa a bakin shago kuna tambayar mene ne waɗannan faya-fayan roba da muke kifawa a cikin tire.

Za mu fara da ban haƙuri. A watan jiya wani Alhaji, wanda ya daɗe yana kawo mana shadda, ya zo da faifai takwas na yaransa da abokansu. Muka karɓa, muka rina, ranar da ya zo ɗauka duk sun yi kyau. Bayan mako biyu ya dawo da biyar daga ciki a cikin leda, ya jera su a kan benci bai ce komai ba. Jan ya koma ruwan hoda mai dishi-dishi, shuɗin kuwa sai ka kara a ido kafin ka gane an taɓa sa shi. Sauran ukun suna nan garau. Laifinmu ne. Tun da muka riƙe biyar ɗin a hannu muka ji robarsu irin mai gautsi ce, wadda ba ta shan rini sosai, amma muka ji nauyin mayar da babban mutum da kayansa, muka ce bari a gwada. Alhaji, ka yafe mana. Kuɗin aikin mun mayar, amma mun san yaran sun sa rai, wannan kuwa kuɗi ba ya biyansa. Abin da ya faru ke nan ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu yi muku bayani dalla-dalla, kowa ya san abin da zai kawo da abin da zai samu.

Ga wanda bai san wasan ba, golf ne da ake yi da faifai maimakon ƙwallo da sanda. Ana jefa faifan daga nesa, ana neman ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi a rataye, wanda ya kai da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. A Amurka wasan ya kafu. Filin farko na dindindin an buɗe shi a 1975 a yankin Pasadena ta jihar Kalifoniya, kuma Ed Headrick ne ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa. Hukumar wasan, PDGA, an kafa ta a 1976. A ƙa'idarta faifai ba ya wuce giram 200, faɗinsa kuma ba ya gaza santimita 21. Mu dai ba 'yan wasa ba ne, marina ne. Yawancin faya-fayan da ke zuwa hannunmu tsaraba ce daga waje, shi ya sa kowanne ke da daraja a wurin mai shi, in ya lalace ba a shiga kasuwa a sayo wani da yamma.

To, maganar gaskiya ita ce robar faifan ke yanke hukunci kafin marini ya sa hannu. Iyayenmu da suka koyi sana'ar nan a Kano, inda karofin Ƙofar Mata yake tun 1498 kamar yadda tarihin wurin ya nuna, da auduga suka saba. Ka jiƙa baba da toka a rami, ka tsoma zane, ya fito da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Auduga tana da ƙishi, abin da ka ba ta za ta sha. Roba ba haka take ba. Ko ka kwana da faifai a ramin baba, da safe ka ɗauraye shi zai fito kamar yadda ya shiga. Haka ma garin rinin da muke sa wa shadda da soda, bai san hanyar shiga roba ba. Abin da ke kama faifai shi ne rinin da aka yi domin yadin roba, wato foliyesta. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna kutsawa cikin jikin robar a hankali, zafi da lokaci ne ke tura su. Muna aiki da iDye Poly da kuma garin kamfanin Pro Chemical and Dye. Akwai Rit DyeMore na ruwa, yana yi, sai dai a hannunmu launinsa bai kai na waɗancan kauri ba.

Ko da rinin da ya dace, ba kowace roba ke karɓa ba. Ku juya faifanku ku duba, ko ku tuna sunan da aka sayar muku da shi. Robar Star ta kamfanin Innova, ESP ta Discraft, Gold ta Latitude 64, waɗannan su ne shaddar faifai: suna sha da sauri, launi ya fito tas. Masu sheƙi da haske ke ratsawa, irin su Champion da Z da Opto, su ma suna sha, amma a sannu, sai an ƙara musu lokaci, kuma launin yakan fito kamar gilashi mai kala, ba ya toshe haske. Wasu ma shi suka fi so. Masu araha kuwa, irin DX da Pro-D, waɗanda ake yawan ba mai koyo, ba a yi su don rini ba. Suna da amfaninsu a fili, hannu yana kama su da kyau, amma launi a kansu baƙo ne, ba ya daɗewa. Daga yau ba za mu ƙara karɓarsu ba. In muka yi shakkar wata roba, za mu ɗiga rini kaɗan a cikin bakin faifan ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa, mu bar shi ya kwana, sannan mu faɗa muku eh ko a'a.

Sai maganar kala, wadda ita ce ta fi jawo mana gardama a bakin shago. Rini ƙara duhu yake yi, ba ya haskakawa. Babu rinin fari. Wanda ya kawo farin faifai, duk kalar da yake so zai samu. Wanda ya kawo rawaya ya ce a sa masa shuɗi, kore zai ɗauka. Ja da shuɗi su ba ka shunayya mai duhu. Baƙin faifai kuwa ya riga ya gama rinuwa tun daga masana'anta. Wata Hajiya ta nemi mu rubuta sunan ɗanta da fari a kan shuɗin faifai, muka ce sai dai a rufe wurin sunan a rina kewayensa da abin da ya fi duhu, sunan ya fito da shuɗinsa na asali. Da farko ba ta so ba, da ta ga aikin ta amince. Akwai kuma shawarar da muke ba kowa ko bai tambaya ba: ku tuna a Legas kuke. Daga Afrilu zuwa Yuli ciyawa ba ta jiran kowa. Faifan da aka rine kore ko ruwan ƙasa, jifa ɗaya ya kauce, sai a yini ana dube-dube. Ku bar wani yanki da ruwan goro ko ruwan hoda mai haske.

Hanyoyin da muke bi kuwa, kowace da halinta. Wadda aka fi nema ita ce ta kumfar aski. Muna matsa kumfar a tire mu sassauta ta da ruwa kaɗan, mu shafe samanta ya yi sumul, sannan mu barbaɗa garin rini, mu ja tsinke a ciki yadda ake jan zanen lalle. Sai a kifa faifan a kai, fuska ƙasa, a danna shi a hankali don kada iska ta maƙale a tsakiya ta bar farin tabo. Nan zai kwana, wani lokaci ya yi yini biyu. Abin da ke fitowa kamar hayaƙi ne ko gajimare, kuma ba a taɓa samun biyu iri ɗaya. Don Allah kada wani ya kawo hoton faifan abokinsa ya ce a yi masa sak irinsa ta wannan hanya. Za mu iya ba shi kalolin, amma yadda za su kwanta ba a hannunmu yake ba. Zafin Legas ma yana da nasa ra'ayin, don kumfa takan zube da wuri in rana ta take, shi ya sa muke haɗa ta da yamma.

In kana son launi mai kauri da iyaka a fili, da man shafawa muke yi. Ana dama rinin a cikin man, a zana shi kai tsaye a kan faifan ko a shimfiɗa shi a tire. Gam fari mai ruwa-ruwa shi ma yana yin shimfiɗa, yana ba da zane mai gudana kamar an zuba mai a kan ruwa. Waɗannan ba su da wata doguwar magana, haƙuri kawai suke so.

Suna, tambari ko hoto mai kaifin layi, wannan aikin sitika ne da ruwan zafi, kuma shi ya fi cin lokacinmu. Muna yanka zanen a jikin leda mai manne, mu liƙa ta a fuskar faifan, mu bi gefe-gefe da bayan cokali har sai babu inda ruwa zai saɗaɗa, sannan mu ɓare wuraren da ake so su rinu. Ruwan rinin ba ya tafasa. Ba ma barinsa ya wuce maki 60 a ma'aunin zafi na Celsius, don in zafi ya yi yawa faifan zai lanƙwashe, faifan da ya lanƙwashe kuwa ya daina tashi yadda mai shi ya san shi. Ana ɗora shi a saman ruwan yana yawo na 'yan mintoci, a ɗaga, a duba, a mayar in bai ƙoshi ba. Kala biyu na nufin a yi wannan sau biyu, daga mai haske zuwa mai duhu. Wanda ya ce kuɗin wannan ya fi na kumfa, gaskiya ne, ga dalilin nan.

Akwai wata da yara suka fi so su tsaya kallo. Mun samo tsohon garmaho, muna ɗora faifan a inda ake ɗora faifan waƙa, yana juyawa muna taɓa shi da buroshi mai rini, sai zobba su fito ɗaya cikin ɗaya. A nan rinin da asiton ake dama shi, wato sinadarin nan da ke cikin ruwan goge jan farce, don ya kama nan take. Da shi kuma muke goge tambarin kamfani in mai faifai ya ce a cire. Sai dai ku sani, inuwar tambarin takan rage a jikin robar, in ka karkata ta ga haske za ka gan ta. Ba ma ɓoye wannan.

Mun san wasunku za su so su gwada a gida, ba ma hana kowa, sana'a ba ta mutum ɗaya ba ce. Roƙonmu kawai, asiton yana kama wuta da sauri, kada a buɗe shi kusa da risho ko janareta, kuma a yi aikin a inda iska ke shiga. Tukunyar da ta taɓa rini ta bar kicin har abada. A sa safar hannu. A ajiye garin inda yara ba sa kai wa.

Masu tambaya ko za mu fesa musu fenti tunda ya fi sauri, amsarmu a'a. Fenti a saman roba yake zama, yana da kauri, yana ɓarewa, kuma ƙa'idar PDGA ta hana jefa faifan da aka ɗora wa abu mai kaurin da za a iya ji. Rini kuwa cikin robar yake shiga, ka shafa da yatsa ba za ka ji komai ba, don haka bai saɓa wa ƙa'ida ba. Ko ba ka da niyyar shiga gasa, ba za mu so mu miƙa maka abin da zai fara ɓarewa ran da ya fara bugun sarƙa ba.

Wani abu da ya kamata mu riƙa faɗa tun farko: rini a jikin roba ba ya tsayawa cak. Da tafiyar watanni yakan ɗan yaɗu, layin da yake da kaifi ya yi laushi, musamman a roba mai taushi. Zafi ke gaggauta wannan, rana kuma ke cin kala, masu ƙyalli su ne kan gaba wajen koɗewa. Wanda ya bar faifansa a gaban gilashin mota ya shiga cunkoson Oshodi da tsakar rana, ya rage masa kwana. A ajiye shi a jaka, a inuwa. Sabon rini kuma kada a jingina shi da farin faifai a makon farko, yana iya shafa masa.

Daga wannan mako, aikin faifai kwana biyar ne, ba ma karɓar na gaggawa ko da za a ninka kuɗi. Farashi za mu faɗa muku bayan mun ga faifan da zanen, saboda garin rinin daga waje ake kawo shi, kuɗinsa na bin dala, ba ma so mu rubuta abin da zai canja kafin wata ya ƙare. Ku wanko faifan da sabulu kafin ku kawo, maiƙon hannu yana hana rini kamawa. Wanda duk muka taɓa rina wa faifai ya koɗe cikin wata guda, ya dawo da shi, ko da ya jefar da rasit. In robar mai sha ce za mu sake aikin kyauta, in ba mai sha ba ce mu mayar masa da kuɗinsa. Shago a buɗe yake daga Litinin zuwa Asabar, ranar Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci.

Allah ya ƙara mana zumunci, ya sa albarka a kasuwarku.

Naku,
Ma'aikatan marina, Agege, Legas