Zuwa ga Aminiyata da ke Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙawata ta kaina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya fama da cunkoson Legas? Mu nan Kano sai godiya, hunturu ya fara kaɗawa, kowa ka gani leɓe a tsage. Inna tana gaishe ki, ta ce har yau tana jiran hoton autarki.

Na saurari saƙon muryar da kika turo mini. Na so in mayar miki ta waya, amma na san halinmu, da mun fara za mu ɓige da labarin biki da na farashin shinkafa, maganar ta bi ruwa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ki karanta a natse bayan yara sun yi barci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kika ce, "Ni fa na haƙura da zancen ungozomancin nan, ƙwaƙwalwar ta tsufa, dama can ni ba mai kai ba ce." Kika bi shi da wata 'yar dariya. Wallahi dariyar nan ta fi maganar yi mini ciwo.

Ƙawata, wannan magana ba taki ba ce, kuma na san bakin da ta fara fitowa. Ina zaune kusa da ke ranar da malamin nan ya riƙa raba takardun gwaji daga mai ƙaramin maki zuwa sama, ya ɗaga taki ya ce "daƙiƙiya" aji ya kwashe da dariya. Ina gidanku kuma ranar da sakamako ya fito, wata daga cikin dangi ta ce, "Dama boko ba na kowa ba ne, a yi mata aure kawai." Su sun faɗa sun wuce, watakila ma sun manta. Ke kuwa kin ɗauke musu aikin, kina maimaita wa kanki safe da yamma, har kin ɗauka tunaninki ne.

To bari mu duba takardar da kanta. Kina da kiredit a Turanci, da Lissafi, da Bayoloji. Kimistiri da Fiziks ne kawai suka kayar da ke, a makarantar da ba mu taɓa ganin an haɗa sinadari a gabanmu ba sai dai a zana mana kwalba a allo, kuma a shekarar da kike kwana asibiti kina jinyar mahaifiyarki. Matar da ke riƙe da adashen matan layinku ba tare da kwabo ya taɓa ɓata ba, wadda ta haddace izu goma da goyo a bayanta, ita ce marar kai? Haba dai.

Kin kuma ce, "Allah bai yi ba." Nan ne nake so ki tsaya ki yi wa kanki adalci. Wanda ya shuka ruwa ya ɗauke, shi ne zai ce Allah bai yi ba. Ke ko fam ba ki saya ba tukuna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a hadisin da Muslim ya ruwaito: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza. A cikin hadisin nan dai ya yi gargaɗi kan faɗin "da na yi kaza da kaza", domin tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ki lura sau nawa kika ce "da a ce tun ina yarinya ne" a saƙonki. Kuma jin tsoro ba alamar rashin cancanta ba ne. Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya ambaci nauyin harshensa, ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar magana. Ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙe masa al'amarinsa, ya warware ƙullin harshensa, ya haɗa shi da mataimaki, sannan ya tafi. Addu'ar tana cikin Suratu Ɗaha, kin fi ni haddace ta. Ki riƙa karanta ta kafin ki buɗe littafi.

Ba na ce duk abin da ke ranki waswasi ne ba. Akwai kuɗin rajista, akwai girki da wanki, akwai maigida da sai an zauna da shi, akwai kuma makarantun da kan sa iyakar shekaru a tallansu. Waɗannan gaskiya ne. Shawarata, ki sami takarda ki raba ta biyu. Gefe guda ki rubuta duk abin da kuɗi ko lokaci ko shawara za su iya warwarewa. Ɗaya gefen ki rubuta irin su "na tsufa", "za a yi mini dariya", "ba zan gane ba". Za ki ga na farkon ana iya tashi a yi musu wani abu gobe da safe. Na biyun kuwa zagi ne kawai, ba su da wani aiki da suke ba ki sai zama.

Hanyar kuma ba ta kai yadda kike zato tsawo ba. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya a farkonta, ɗaya wajen ƙarshenta. NECO ma tana da tata a watannin Nuwamba da Disamba. Abin da makarantun jinya da ungozoma ke nema kiredit biyar ne, Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, kuma ana karɓar sakamakon zama biyu a haɗa. Ma'ana tsohuwar takardarki tana nan da ranta, ƙarfinki duka ki zuba shi kan darussa biyun nan. Da yawa daga cikin kwalejojin yanzu ta JAMB suke ɗauka, amma wannan zancen gaba ne, kada ki ɗora wa kanki shi tun yanzu.

Kuma ba ke za ki fara ba. Daga 2012 zuwa 2020 wani shiri na samar da mata ma'aikatan lafiya, mai suna Women for Health, ya riƙa ɗauko mata daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, ana yi musu shekarar share fage su cike kiredit ɗinsu, sannan su shiga makarantun lafiya. A cikinsu akwai matan aure masu goyo, har wurin renon yara aka tanada musu. Gemu ba ya hana ilimi, goyo ma bai hana ba.

A ajina na yamma akwai wata baiwar Allah da ta kusa hamsin, mai sayar da ƙosai. Duk sanda na ba su aiki sai ta ja gefen mayafinta ta rufe littafin, in na matso ta ce, "Malama kada ki duba, shirme na yi." Rannan na lallaɓa na janye mayafin, lissafin rabawa ne mai tsawo, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ta kalli jan biron da na sa mata, ta kalle ni, ta ce, "Ko dai tausayina kika ji?" Har yau ba ta daina cewa shirme ta yi ba, kuma har yau ba ta fasa zuwa aji ba. Don haka kada ki jira ranar da zuciyarki za ta daina yi miki wannan surutun, ki buɗe littafin tana yi.

Abin da ya sa na dage miki haka, ba don a kira ki ma'aikaciya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka rasu a duniya wajen ciki da haihuwa a Najeriya suke, mata kusan 82,000. Ni da ke mun san wasunsu da suna. Mun san wadda ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki saboda an ce namiji ne a asibitin garin, sai da jini ya ɓalle aka nemo mota. Ke da bakinki kika gaya mini cewa a unguwarku in naƙuda ta tashi da tsakar dare ƙofarki ake bugawa, ke ce mai rakiya, ke ce mai yi wa nas bayani da Turanci don mai ciwon ba ta jin komai sai Hausa, ke ce mai riƙe hannu har a sauka. Rabin aikin kin daɗe kina yin sa. Saura ilimin da zai sa in kin ga ƙafa ta kumbura da ciwon kai mai tsanani ki san hawan jini ne, ki san abin yi kafin jijjiga ta zo.

Maganar maigida, kada ki yanke masa hukunci tun ba ki tambaye shi ba. Ki same shi ranar da ya dawo da wuri ya ci ya ƙoshi, ki nuna masa takardarki da lokacin da za ki ware, ko da awa ɗaya ce bayan sallar asuba. In kina ganin zai fi jin ta bakin babba, Inna ta ce za ta kira shi da kanta.

Na tattara miki littattafan Kimistiri da Fiziks na ƙanwata, da tambayoyin shekarun baya, zan ba direban da ke kawo wa maigidanki kaya in zai taso. Ranar Lahadi bayan la'asar zan kira ki mu fara da babin farko tare, ki tanadi littafin rubutu da biro. Kuɗin fam kuma ki bar mini rabi, kada ki yi mini musu.

Ki shafa mini kan yara, ki gaida maigidan da kyau, da maƙwabciyarki mai kunun gyaɗa. Allah ya buɗa miki ƙirji, ya sauƙaƙa, ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
aminiyarki ta Kano.