Kafin a sayi 'yar Kwatano mai shan dizal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin masu sha'awar manyan motocin Turai na hannu masu shan dizal, irin su Mercedes E220 CDI da E320 CDI, BMW 520d da Range Rover, waɗanda dillalai ke yi wa kirari da cewa ba sa shan mai. A nan dai ba su yi ƙarya ba. E220 CDI mai lafiya lita 6 zuwa 7 take ci a kilomita 100 in an miƙi hanya, alhali takwararta ta fetur mai silinda shida sai ta kai lita 10. Ga ƙarfin ja ko da an cika ta da mutane da kaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya shiga ran mutane, ko da yake litar dizal ɗin ma ba araha ba ce.

Sai dai araha ba ta ado. Bayan badaƙalar hayaƙin Volkswagen a 2015, birane irin su Hamburg da Stuttgart a Jamus suka hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna, darajarsu ta faɗi a can. Kuma an ƙera su ne don tataccen man Turai, wanda sinadarin sulfa da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba.

Injin ba irin na tsohuwar tifa ba ne da ke haɗiye duk abin da aka zuba masa. Famfon mai yana tura dizal da matsin da ya kai 1,600 ko fiye a ma'aunin matsi na "bar", ta ramukan injekta, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, masu siranta kamar silin gashi, kuma dizal ɗin ne da kansa yake yi wa famfon santsi. In aka sha man bumburutu da aka surka da kananzir, ko mai ruwa a ciki, famfon zai fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi bututu ya shiga kowace injekta. Daga nan sai canjin famfo da injektoci gaba ɗaya, a sauke tanki a wanke, a wanke bututai. Wanda ya canza injekta kaɗai, zai dawo gareji ba da daɗewa ba.

Abu na biyu shi ne matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake kira DPF, kuma kusan duk motar da aka ƙera daga 2009 tana da ita. Tana tara baƙin toka, ba ta kuma ƙone shi sai zafinta ya kai wajen digiri 600, wato tafiyar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa. Motar da aikinta daga gida zuwa Kantin Kwari cikin cunkoso ba ta samun wannan. Sai matatar ta toshe, motar ta ƙi gudu, dizal ɗin da bai ƙone ba ya gangara cikin baƙin mai. In ka ga baƙin mai yana ƙaruwa a jikin sandar awo maimakon ya ragu, to shi ne. Wasu kanikawa kan fasa matatar su zubar da cikinta ba tare da sun taɓa kwamfutar motar ba, fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa, na baya kuma su sha hayaƙi.

Mai saye ya nemi a tayar masa da motar da sanyin safiya, kafin kowa ya ɗumama ta. A BMW mai injin N47 a kasa kunne ta bayan injin, domin can sarƙar taimin take, kuma in tana kaɗawa, yawanci sai an sauke inji kafin a canza ta. A Mercedes a cire murfin roba na saman inji a duba gindin injektoci: baƙin abu mai kama da kwalta yana nufin wasar tagulla ta saki. Mai silinda shida, OM642, an san ta da yoyon baƙin mai daga tsakiyar inji, robar da ke tare man a wurin ba ta da tsada amma aikin yini ne cur. Range Rover kuwa a bar ta ta kwana, in gefe ɗaya ya durƙusa da safe, balan-balan ɗin ƙafa yana yoyo. A kuma jona kwamfuta a ga yawan tokar da ke cikin matata da yadda kowace injekta ke ba da mai.

In an saya, baƙin mai sai mai lambar da kamfanin motar ya ƙayyade, kamar C3, ko 229.51 ga Mercedes, a kuma juye shi duk kilomita 7,000 zuwa 8,000, kada a bi dogon wa'adin Turai. Filtar dizal kada ta wuce 15,000, ta iska kuwa a riƙa dubawa lokacin hunturu. Bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti biyu kafin a kashe, don tabo (turbo), mai tura iska cikin inji, ya huce.

A ganina mota ce ta mai zirga-zirgar Kano zuwa Kaduna ko Abuja, wanda ke da gidan man da ya yarda da shi da bakanike mai kwamfuta. Shi ma ya ajiye kuɗin injektoci da tabo a gefe tun ranar ciniki.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano