Buɗe tushe kaɗai ba ya raya tsohuwar manhaja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, mu tofa albarkacin bakinmu kan wani batu da ba kasafai shafukan fasaha ke waiwayarsa ba, wato makomar tsofaffin manyan manhajojin kwamfuta, irin su DOS da OS/2 da BeOS da RISC OS, bayan kamfanonin da suka ƙera su sun juya musu baya. Babbar manhaja ita ce ke tuƙa na'ura tun daga kunnawa, sauran manhajoji duk a kanta suke hawa. Ana yawan cewa da zarar an buɗe tushenta, wato an saki rubutun da aka gina ta da shi kowa ya gani ya gyara, to ta tsira ke nan. Wannan rabin zance ne. Abin da zai nuna tana da rai shi ne baƙon da bai san kowa ba ya ɗauko rubutun, ya gina ta a kwamfutarsa, ta kuma tashi.

Wani zai ce mene ne na wahala a kan tsohon kaya. Akwai injinan masana'antu da na'urorin ɗakin gwaji da har yau DOS ke tuƙa su. Injin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar da ke gefensa ce ta tsufa. OS/2 kuwa ta shafe shekaru a cikin na'urorin cirar kuɗi na bankuna, ita ce ma ta riƙe tsarin katin MetroCard na jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin New York na Amurka.

Kafin kowa ya rubuta layi ɗaya, sai an san kayan na wane ne. IBM ta daina tallafa wa OS/2 a ƙarshen 2006. Masu amfani da ita sun kai koke a 2005, suka sake kaiwa a 2007, suna neman a saki tushen, kamfanin ya ƙi, domin akwai sassa a ciki mallakar wasu kamfanoni, har da Microsoft, waɗanda ba shi da ikon bayarwa. Shi ya sa ArcaOS, wadda kamfanin Arca Noae ya fara fitarwa a 2017, take ci gaba da OS/2 a kan lasisin IBM, cibiyarta, wato zuciyar babbar manhajar, a kulle. Jama'a suna iya gina direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura, da sauran manhajoji a buɗe a kewayenta, amma ba su da ikon shiga cibiyar su sauya ta yadda suke so. Zanen aro ke nan, ba ya rufe katara. RISC OS, wadda kamfanin Acorn na Ingila ya ƙera, ta fi sa'a. Daga 2006 kamfanin RISC OS Open ya ɗauki nauyin sakin tushenta a kan lasisi mai sharuɗɗa game da kasuwanci, sai a Oktoban 2018 aka mayar da ita kan lasisin Apache 2.0, wanda ya ba kowa damar sa ta a na'ura ya sayar ba tare da neman izini ba.

Inda tushe ya ƙi samuwa, sai a sake rubuta manhajar daga farko, kuma wannan hanya ce mai tsawo. Jim Hall ya sanar da aikin FreeDOS a Yunin 1994, amma fitowa ta 1.0 sai a 2006. Haiku, magajiyar BeOS, an fara ta a 2001, shekarar da aka sayar wa Palm kadarorin kamfanin Be da ya ƙera BeOS, fitowar gwaji ta beta ta farko kuwa sai a 2018. ReactOS, mai neman tafiyar da manhajoji da direbobin Windows, tun 1998 ake kanta, har yau ba ta kai 1.0 ba. Haɗarin wannan hanya shi ne wani mai ɗoki ya leƙa tushen asali da ya ɓalle ba bisa ƙa'ida ba, kamar na Windows 2000 da ya fita a 2004, ya kwafo abu ya kawo. A farkon 2006 zargin cewa an kwafo wani abu daga cikin Windows ya sa ReactOS ta kulle rumbun tushenta, ta shiga bin rubutun fayil bayan fayil. Ka'idar da ake bi don kauce wa haka ita ce a raba aikin gida biyu: mutum ɗaya ya nazarci yadda tsohuwar manhajar ke amsa umarni, ya rubuta bayani da kalmomi, wani daban, wanda bai taɓa ganin cikinta ba, ya rubuta sabon tushe daga bayanin. Kowane faci, wato gyaran da wani ya turo a tushe, da aka karɓa kuma a rubuta wanda ya kawo shi da lasisin da ya zo da shi.

Sai batun gini, inda a ganinmu ayyuka da yawa ke mutuwa ba a sani ba. Rubutun tushe ba ya aiki sai an bi da shi ta kwamfaila, manhajar da ke juya shi zuwa yaren na'ura. Tsohon tushe kuwa da kwamfailar zamaninsa ya saba. Sau da yawa za ka tarar mutum ɗaya ne tak ke iya fitar da sabuwar fitowa, domin a faifansa kaɗai akwai wata 'yar manhajar haɗawa ta 16-bit da ba a taɓa sa ta a rumbu ba, shi kansa ya manta ya dogara da ita. Gwajin da ke tona wannan asiri ba wuya gare shi. A buɗe sabuwar kwamfuta ta kwaikwayo, wato wadda manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfuta ta gaske, a QEMU ko VirtualBox, fanko, babu komai a ciki. A ba wanda bai taɓa gina manhajar ba takardar bayani, a hana shi tambayar kowa. Duk inda ya tsaya, nan ne giɓi: ko a rubuta matakin da aka tsallake, ko a ajiye kayan aikin da ya ɓata tare da lambar fitowarsa daidai. Idan ya kai ƙarshe, a kunna hoton faifan da ya fitar, wato fayil ɗin da ke ɗauke da faifan ɗungurungum, a ga ya tashi. Daga nan a ɗora wannan aiki a kan uwar garke ta riƙa maimaita shi da kanta duk lokacin da aka shigar da faci, domin a kama ɓarna a ranar da ta faru.

Haiku misali ce ta irin nauyin da riƙe tsohuwar kwamfaila ke ɗora wa jama'a. Manhajojin BeOS da kwamfailar GCC 2.95 aka gina su, kuma yadda yaren C++ ke haɗa sassan manhaja ya sauya daga GCC 3. Saboda tsofaffin manhajojin su ci gaba da aiki, Haiku ta 32-bit tana ɗauke da laburare, wato tarin sassan da manhajoji ke aro su yi aiki, kashi biyu, ɗaya na tsohuwar kwamfaila, ɗaya na sabuwa. Ta 64-bit ta ajiye wannan kaya, amma ba ta buɗe manhajojin BeOS. Dole kowace ƙungiya ta zauna ta yanke irin wannan shawara a fili, ta rubuta, in ba haka ba kowane wata sai an sake gardamar.

Na'ura ma ba ta jiran kowa. DOS tana magana da faifai da allo ne ta hannun BIOS, manhajar da ke cikin na'ura mai tayar da ita, sababbin kwamfutoci kuwa magajinsa UEFI suke zuwa da shi, yawancinsu an cire musu sashen da ke kwaikwayon BIOS. A irin wannan na'ura FreeDOS ba za ta tashi ba ko kaɗan, sai dai a cikin kwaikwayo. ArcaOS sai da ta gina nata sashen kafin fitowar 5.1 ta 2023 ta iya tashi a kan UEFI. RISC OS ta samu sabon jini a 2012 da aka sa ta a ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, amma kaso mai yawa na tushenta da yaren na'urar ARM ta 32-bit aka rubuta shi, ƙwaƙwalwar Raspberry Pi 5 kuwa ba ta yarda babbar manhaja ta 32-bit ta hau kanta. Ba faci ne zai magance wannan ba, sai an sake rubuta sassan da wani yare kamar C.

Direbobi su ne suka fi cin lokaci, kuma 'yan sa-kai kaɗan ba za su iya rubuta na kowane katin intanet da na sauti ba. Dabarar da ta yi aiki ita ce aro da hankali. Haiku ta gina wani siririn sashe da ke sa direbobin sadarwa na manyan manhajojin FreeBSD da OpenBSD su ɗauka a gidansu suke, sai a kwaso su kusan yadda suke. A OS/2, direban sauti na Uniaud daga ALSA na Linux aka ɗauko shi. Abin lura biyu ne. Na farko lasisi: rubutun da ke kan lasisin GPL idan ya shiga cibiyar da ke kan lasisin MIT, sharuɗɗansa suna binsa. Na biyu, kada a yi wa abin da aka aro gyara a cikinsa barkatai. A ajiye gyaran gefe guda, domin ranar da masu shi suka fitar da sabo a iya ɗaukowa ba tare da an warware aikin shekara ba.

Burauza kuma ita ce ke korar mutane. Firefox na OS/2 ya tsaya a lamba 45, domin waɗanda suka biyo bayansa sun soma buƙatar yaren Rust, wanda ba shi da kwamfaila a can. Manyan burauza sun yi watsi da tsofaffin ƙa'idojin sirrinta bayanai na TLS 1.0 da 1.1 a 2020, shafuka da yawa suka bi sahu. A 30 ga Satumban 2021 wata tsohuwar takardar shaida da Let's Encrypt, mai ba shafukan intanet takardun shaidar tsaro, ke jingina da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da dama suka wayi gari shafuka sun ƙi buɗuwa. Saboda haka a jerin ayyuka, sabunta laburaren sirrinta bayanai da kundin takardun shaida ya riga sabon fenti a fuskar allo, ko da yake fentin ne ke jawo tafi.

Akwai kuma ranar da aka riga aka sani. Duk manhajar da ke ƙirga lokaci irin na Unix a gurbin 32-bit mai alama, ƙirgenta zai cika a daƙiƙa 2,147,483,647, wato 19 ga Janairun 2038, agogo ya koma Disambar 1901. NetBSD ta faɗaɗa gurbin zuwa 64-bit a fitowar 6.0 ta 2012, OpenBSD a 5.5 ta 2014. Wahalar ita ce faɗaɗawar tana sauya girman bayanan da manhajoji ke miƙa wa juna, tsohuwar manhajar da ba a da tushenta kuwa ba za a iya sake gina ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin kawai shi ne a tura agogon kwamfutar kwaikwayo zuwa 2038 yanzu, a ga abin da zai karye.

Tsofaffin faifai ma suna lalacewa, kuma a kansu wasu direbobi da takardun bayani suka rage. Faifan fulofi mai inci uku da rabi, kafin a sa shi a na'ura, a tura ɗan makullin kusurwarsa ramin ya buɗe, don kada a yi rubutu a kai. A ja murfin ƙarfen a duba ko akwai fumfuna, domin faifai mai fumfuna yana ɓata kan na'urar, ita kuma ta kankare na gaba. A goge kan da sinadarin isopropyl. A kwafe faifan ɗungurungum a matsayin hoto, ba fayil-fayil ba, na 1.44 MB layi 80 ne a kowace fuska biyu, kowane layi yanki 18, kowane yanki bayit 512, jimla 1,474,560. Hoton da ya gaza haka bai cika ba. Faifan da ya ƙi karantuwa, a gwada shi da na'ura irin Greaseweazle, mai ɗaukar maganaɗisun kai tsaye. A lissafa SHA-256 na kowane hoto, wato lambar da ke nuna ko hoton ya sauya, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Kada a dogara da masauki guda a intanet: Google Code ya rufe a 2016, kuma ba kowane aiki ne ya samu mai kwashe shi da hannu ba.

Batun mutane shi ne na ƙarshe da za mu taɓo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da adireshin shafi, da kalmar sirrin uwar garke, da makullin sa hannu a fitowa. Ya kamata kowannensu ya kasance a hannun mutum biyu aƙalla, kuma da sunan ƙungiya mai rajista, kamar yadda Haiku, Inc. take tun 2003. Gudummawar da take tarawa ce ta ba ta damar ɗaukar mai rubuta manhaja tana biyansa tun 2021. RISC OS Open kuma tana sa lada a kan takamaiman aiki, jama'a su tara, wanda ya kammala ya karɓa. Kuɗin ya fi amfani a kan aikin da ɗan sa-kai ba zai zaɓa da kansa ba, kamar USB da duba facin da wasu suka turo. Facin sabon shiga idan ya yi wata uku ba amsa, mai shi ba zai sake turo na biyu ba.

Muna roƙon Edita, idan shafin fasaha zai gabatar da ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, a gaya wa mai karatu lasisinsa, da ranar fitowarsa ta ƙarshe, da ko akwai takardar yadda ake gina shi. Mai son taimakawa kuma ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Ya sa babbar manhajar a filashin USB, ya kunna a wata kwamfuta, ya aika rahoto mai ɗauke da samfurin na'urar, da lambar fitowar, da lambobin PCI, wato lambobin shaida na katin da ya ƙi aiki, da hoton allon a daidai inda ta tsaya.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin manhajar kwamfuta