Masu Sarrafa Dankali Jarin Kaka Suke Buƙata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mu yi magana a kan mata masu sarrafa dankalin Hausa, masu soyawa da masu busarwa su mayar da shi gari. Ana yawan ɗora ƙarancin ribarsu a kan rashin iya lissafi, alhali tun daga lokacin saye matsalar take farawa.

Daga Oktoba zuwa Disamba dankali yake cika kasuwanni irin Yankaba ta Kano, farashi ya faɗi warwas. A daidai lokacin ne kuma iskar hunturu take shigowa, wadda babu kamarta wajen shanya. Mai jari sai ta sayi buhu goma ko ashirin, ta busar, ta ajiye har ya yi tsada. Marar jari kuwa kashi-kashi take saye kullum a hannun ɗan sari, ta biya ribar mutum biyu ko uku kafin ta taɓa wuƙa.

Ga lissafin da ba a cika yi ba. A buhu mai kilo 100, ɓawo da ruɓaɓɓe da wanda ƙwaro ya huda sukan cinye kilo 15 zuwa 20. Yawancin saura ruwa ne, don haka busasshen da za a samu bai cika wuce kilo 25 ba. Dankali mai jan ciki, irin su King J da Mother's Delight da cibiyar binciken amfanin gona ta Umudike a jihar Abiya ta fitar, yana da sinadarin bitamin A, amma yawanci ya fi fari ruwa, garinsa bai cika kai na fari auki ba. Duk wanda ya ce matan su koma kan mai jan ciki, to ya nemo musu mai sayen da zai biya bambancin.

Ƙwaro ya fi shiga idan an bar dankali ya daɗe a gona, ƙasa ta tsattsage. Wanda ya huda ɗaci yake yi, kuma 'yan kaɗan sun isa su ɓata gari gaba ɗaya, saboda haka a ware su tun kafin fira. Da an fere a jefa cikin ruwa kada ya yi baƙi. A yanka siriri, kamar milimita 2 zuwa 3, a baza a kan leda ko tabarma a saman rumfa, nesa da ƙura da awaki. Kwana 2 zuwa 3 sun isa a hunturu. Idan ya karye ƙas, ya bushe. Idan yana lanƙwasawa, fumfuna zai yi a buhu. Mai jan ciki kuma kada a daɗe da ajiye shi, domin cikin 'yan watanni bitamin ɗin yake raguwa.

Sai halin da matan suke ciki. Da yawa ba sa fita, yaro ko dillaliya ke kai musu kaya, ba su san ainihin farashin kasuwa ba. Banki yana neman jingina, su kuwa ba su da takardar fili ko gida. Adashi ne madogara, shi kuma ba lallai kwasa ta zo da kaka ba. Tun cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na injin niƙa suka tashi, ga tsadar man gyaɗa da itace a kan masu suya. Manyan kantuna kuma ba sa karɓar gari sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, abin da ya fi ƙarfin mace ɗaya.

Roƙonmu ga hukumomin noma na jihohi da bankunan ƙananan rance shi ne a fitar da rancen mata a Satumba, a ɗaga biya zuwa bazara. A kuma taimaka wa ƙungiyoyinsu da injin yanka, da rumfar shanya, da rajistar NAFDAC guda ɗaya da sunan ƙungiya.

Naku,
Wasu masu sana'ar sarrafa dankali, Kano